Laraba, Gaurakar da Baban Rabi Ya Bar Mini

Shekara bakwai ke nan da rasuwar maigidana, kuma wannan ce damina ta farko da gari ke waye mini ban ji kukan gauraka a tsakar gida ba. Ba zan rubuta sunansa ba. Shekara talatin da ɗaya na zauna da shi ban taɓa kiran sunansa ba, ba kuwa a jarida zan fara ba. Baban Rabi nake ce masa. Mutanen Birnin Ƙonni da suka san shi cikin kakin gandun daji, Mai Tsuntsaye suke ce masa, wasu don girmamawa, wasu don ba'a, shi kuma duka amsawa yake yi.

Abin da mutane suka sani na aikin gandun daji shi ne hana saran itace da kama mafarauta. Akwai wani ɓangaren da ba wanda yake rububinsa. Garinmu bakin iyaka ne, ba abin da ba a ɗaukowa a mota a nufi ƙetare da shi. 'Yan duwan, wato kwastan, su tare mota, a ɗaga buhunan albasa, a tarar da kunkuru an kifa su kan juna, ko ungulu cikin kwando an ɗaure musu baki, ko 'yar barewa da igiya ta ci mata ƙafa. A kai buro, wato ofishin gandun daji, a yi takarda, kowa ya kama gabansa. Dabbar fa? A lokacin buron ba shi da ko akurki. Haka bayan gidanmu ya koma asibiti, ni kuma da nake koyarwa a lakwal, makarantar boko, na koma mai dafa ruwan wanke rauni ba tare da an tambaye ni ba.

Yana da doka guda da ba ya sassautawa: kada dabba ta saba da mutum. Ba a sa mata suna, ba a shafa ta, ba a yi mata magana. Ya kewaye wurin da zana, ta wata 'yar kafa yake leƙa su. In ya ɗaure wa barewa ƙafa ta warke, sai ya shiga buga tsohuwar tasa a kusa da ita har ta riƙa zabura in ta ji takun mutum. Na sha ce masa wannan mugunta ce. Sai ya ce wadda ta bar hannunsa tana tsoron mutum ita ce za ta ga baɗi. Ƙananan tsuntsaye kuwa ba ya bari su ga fuskarsa ko kaɗan. Yana da wata baƙar safa da ya ɗinka wa tuntun busasshiyar ciyawa, ya sa hannu a ciki, ya zura ta kafar zana yana miƙa musu fara. Maƙwabta har katanga suke hawa su kalli babban mutum mai galo a kafaɗa ya durƙusa yana wasa da safa. Ni ma na yi dariyar, ba zan ɓoye ba.

Shekara biyu kafin ya rasu, ranar wata Laraba cikin tsakiyar damina, aka kawo 'yar gauraka cikin kwalin sabulu. Su uku aka ɗebo daga sheƙa, biyu sun mutu a hanya. Ba ta fi ɗan tsako girma ba, sai dogayen ƙafafu da ba su iya ɗaukarta. Kwana biyu da zuwanta aka tura shi Illela aikin dashen itace na mako uku. Ya ba ni safar, ya nuna mini yadda ake yi har sau uku, kamar ba ni ce mai koya wa mutane karatu ba.

Kwana huɗu na bi dokarsa. A na biyar aka yi ruwa da iska tun hantsi, na leƙa na gan ta ta jiƙe sharkaf tana makyarkyata, ta ƙi karɓar komai daga safar. Rabi, 'yarmu tilo, ta yi aure a Yamai wata shida kafin nan, gidan ya yi mini faɗi. Na ture zanar, na ɗauke ta, na sa ta cikin zanena, na kai ta ɗaki. Na ba ta fara a tafin hannuna ta ci. Da rana ta fito ban mayar da ita ba. Na ce gobe, goben ta zama jibi. Kafin mako ya zagayo ina kiranta Laraba, tana bina har madafi.

Ranar da ya dawo, ya yi sallama, na fito tarbarsa tana biye da ni tana tsattsagar gefen zanena. Ya tsaya da jakarsa a hannu.

"Innar Rabi, mi kinka yi?"

Na ce, "To in bar ta ta mutu? Ai ga ta nan da ranta."

Ya ce, "Da ranta, i. Amma ke ta ɗauka uwa tata. Duk inda tag ga mutum, wurinai za ta."

Da ya yi faɗa da na samu abin ramawa, don bakina ba ya mutuwa. Sai ya ɗauki safar daga kan turmi inda na yar da ita, ya kakkaɓe, ya sa a aljihu. Wannan ya fi mini zagi ciwo.

Duk da haka ya gwada. Da ta yi fiffike ya kai ta wani tafki bayan Dogarawa inda gauraki ke sauka, ya sake ta, ya dawo. Kafin la'asar wani manomi ya shigo buro da ita a hammata, ya ce tun daga gona take binsa har ƙofar gida. Aka sake kai ta kwarin Badagishiri. Ta bar 'yan uwanta a bakin ruwa, ta je ta tsoma kai cikin bokitin wata mata mai ban ruwan lambu. Daga nan ya haƙura. Ya ce mutum biyu masu tsoron Allah ta samu, na ukun zai yanke mata fiffike ya kai ta gidan wani mai hali ta zama ado a tsakar gida. A duk dabbobin da suka ratsa hannunsa, ita kaɗai ce ta warke ba ta koma ba, kuma ni na jawo.

Ciwon da ya ɗauke shi bai yi wata biyu ba. Bayan an share makoki mutane suka watse, abokan aikinsa suka kwashe sauran dabbobin, suka bar mini ita don ba inda za a kai ta. Rabi ta yi ta fama in koma Yamai. Kullum amsata guda: wa zan bar wa Laraba? Gaskiyar ita ce ni ma ba ni da wanda ke jirana in na dawo daga kasuwa sai ita. In na buɗe ƙofa ta buɗe fikafikai, ta yi tsalle, ta sunkuyar da kai, irin rawar da gauraki ke yi wa junansu. Ni take yi wa, tsohuwa mai ciwon gwiwa. Kowace damina kuma sai ta tara ciyawa a gindin bedi, darbejiyar tsakar gidanmu, ta yi ƙwai biyu, ta kwanta a kansu wata guda cur, rana da ruwa. Ba komai a cikinsu. Ni ke ɗauke su in sun fara wari, tana kallona. Ban taɓa gaya wa kowa yadda wannan ke ci mini rai ba.

Nakan tambayi kaina abin da Baban Rabi zai ce da zai leƙo yau. Na san ransa zai ɓaci in ya je mahauta ya ɗaga kai bai ga ungulu ko ɗaya ba, wurin da a da sai an kore su da sanda. Tafkin bayan Dogarawa an nome shi har bakin ruwa. Masu fataucin tsuntsaye sun daina wahalar yawo da kwando, hoto suke turawa ta waya a yi ciniki. Amma akwai abin da zai sa shi murmushi. An ce mini kwanaki wani direban motar siminti daga Malbaza ya taka birki saboda kunkuru, ya naɗo shi cikin rigarsa ya kawo buro da kansa. A zamanin maigidana da an ce direban ya taɓu.

Cikin bazarar bana Ajidan Salifu na gandun daji ya zo gaishe ni. A ƙarƙashin maigidana ya fara aiki, yanzu shi ma ya yi furfura. Ya sha ruwa, ya daɗe yana kallon Laraba, sannan ya ce:

"Madam, an kamo wani namiji, babba na, cikin daji yat tashi. Fiffike guda ya karye, ba shi tashi nesa. Muna da wuri bakin tafki wajen Badagishiri, mun kewaye da waya. In anka haɗa su, ko ita ba ta koma daji ba, ɗiyanta su koma."

Na ce, "In riƙa zuwa ina ganinta ke nan."

Ya sunkuyar da kai. "Shi na sharaɗin, Madam. Kada ta gan ki, kada ta ji muryarki. In dai kina kusa, ba ta kallonai."

Na ce masa ya gaida gida. Wata biyu ina jin haushinsa, ina cewa a raina yaron da na sha ba tuwo ne zai zo ya kafa mini sharaɗi. Sai aka yi ruwan farko. Da safe na fito na tarar da ita a gindin bedi da tsinken ciyawa a baki, za ta fara ginin sheƙar da na san ƙarshenta. Na koma ɗaki na kira Salifu tun kafin zuciyata ta sake shawara. Da suka zo ɗaukarta na buɗe akwatin maigidana na ciro baƙar safar, tuntun ya kakkarye amma tana nan. Na ce Salifu ya riƙe, ko Allah zai sa a buƙace ta.

Baban Rabi bai bar bene ba, bai bar gona ba, ko hoto guda da dabba ba shi da shi. Cikin duk abin da ya yi jinya ya saka, ba wanda zai gane shi ko da zai dawo ya tsaya a gabansa, kuma haka ya so. Na daɗe ina ganin wannan rashin rabo ne. Yanzu da gidan ya yi tsit na gane irin ƙarfin halin da ake bukata mutum ya yi wata uku yana jinyar abu, sannan ya koya masa gudunsa. Ni mako uku aka ba ni na kasa. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta.

Makon jiya Salifu ya yarda ya kai ni, bisa alkawarin ba zan yi ko tari ba. Sun kafa zana nesa da ruwan, da 'yar kafa daidai ido, irin ta Baban Rabi sak. Na durƙusa da gwiwar nan tawa na leƙa. Ga ta can tana kiwo cikin ciyawa, namijin yana gefe, tsakaninsu kamar taku goma. Ba su haɗu ba tukuna, ba kuma wanda ya ce mini za su haɗu. Can ta ɗaga kai, ta juyo wajen zanar, ta tsaya cak tana saurare. Sunan yana bakina, na san in na faɗe shi da gudu za ta taho. Na danne bakina da gefen mayafi, hawaye na zuba, har ta gaji ta mayar da kanta cikin ciyawa.