Ɓeraye Masu 'Yan Kunne

Shekarar da wayar hannu ta cika Abuja na saya wa Innarmu guda. Ba ta yi wata huɗu tana amsa ta ba kunnuwanta suka mutu.

A wani ƙauye muke zaune bayan Bwari, domin haya a Garki ta fi ƙarfin mai buga takardu irina. Soja sun koma bariki, kuɗi ya shigo gari, kowa gini yake yi. Katafila ta cinye dajin da ke gabas da mu don a yi rukunin gidaje, ɓerayen cikinsa kuwa ba wanda ya ba su fili a wani wuri, sai suka tare a gidajenmu. Inna takan shanya tsakin masara a kan dutse a bayan gida, kamar kowace mace a ƙauyen. Da rani zazzaɓi ya kama ta. Kwana goma wani ƙaramin asibiti yana ɗirka mata maganin cizon sauro, da ya ƙi aka ce taifot ne. Sai a babban asibiti aka gano zazzaɓin Lassa ne, wanda ake ɗauka daga fitsarin ɓera da kashinsa. Ta rayu. Amma daga nan in za ka yi mata magana sai ka tsaya a gabanta ta kalli bakinka.

Ni mai zuciya ce, kowa ya sani a gidanmu. Na rasa wanda zan shaƙe. Likitan babban asibitin ya ce ƙaddara ce, masu katafila ban san ofishinsu ba. Ɓera ne kawai a kusa da ni, don haka na ɗora masa duka.

Bayan shekara autarmu ta zo gida. Tana digiri na biyu a jami'a, fannin halittu. Ta sauko daga mota da buhu cike da wasu 'yan akwatunan ƙarfe masu ƙofa, ta ce tarkon ɓera ne. Na ce alhamdu lillahi, yau dai bokon gidanmu ya yi rana.

Washegari da safe na bi ta bakin gonar maƙwabcinmu, inda ta ɗana su. Ta sa safar hannu biyu, ta rufe hanci da baki, ta hana ni matsowa. Ta fito da ɓera a cikin wata 'yar jaka, ta auna nauyinsa, ta ɗebi ɗigon jini, ta maƙala masa wani ɗan ƙarfe mai lamba a kunne. Ina tsaye ina jiran in ga inda za ta maka shi da ƙasa. Sai ta sunkuya ta buɗe jakar, ya shige ciyawa abinsa.

Na ce, "Ke, kuɓuce miki ya yi?"

"Sakinsa na yi, Yaya."

"Kin yi masa 'yan kunne kin sallame shi. Saura lalle."

Ta yi dariya, ni ban yi ba. Ta zaunar da ni a kan kututture ta yi mini bayani. Wai wannan ba ɓeran gida ba ne, na daji ne, wanda macensa ke da nonuwa jere rututu. Ƙwayar cutar da ta kwantar da Inna tana zaune a jinin wasunsu, suna yawo da ita, suna ci suna haihuwa, ko atishawa ba sa yi. Ta ce ana zaton abin yana cikin ƙwayoyin gadonsu, abin da uwa da uba ke ba ɗa. Jikin mutum in ya ga cutar sai ya tashi da faɗa, wani lokaci har ya yi wa kansa ɓarna, kuma mai yiwuwa a wannan faɗan ne Inna ta rasa ji. Jikin ɓeran kuwa ya san yadda yake zama da ita. In aka gane yadda yake yi, wata rana a taimaki mutum.

"To ki kashe shi ki duba mana."

"Wanda na kama a cikin gida kashe shi nake. Na gona dole in bi shi wata da watanni, in ga ko cutar tana nan, in kama 'ya'yansa in gwada. Matacce ba ya haihuwa, Yaya."

Na gane maganarta sarai, kada wani ya ce jahilci ne. Ganewar ce ma ta ƙara mini haushi. A ce halittar da ke kwana a masai an ba ta abin da aka hana uwata.

Wata bakwai tana zuwa duk ƙarshen mako. Ta sa aka daina shanya a ƙasa, ta saya wa Inna robobi masu murfi, ta toshe ramukan ɗaki da siminti. In na yi mita sai ta ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Maƙwabcin namu mai gonar har ya zama ɗan gaban goshinta. Ya taɓa tare ni a hanya, da 'yar guntuwar Hausarsa ya ce, "Madam, ƙanwarka ya ce kar a kashe mai ɗan kunne. Ni na gaya ma yara, no touching." Na wuce abina.

Akwai wata macen ɓera mai lamba bakwai. Sau biyar tana faɗa wa tarko, kuma duk gwajin da aka yi cutar tana jininta. Na gan ta sau ɗaya daga nesa. Ta yi ɓul-ɓul, gashinta har sheƙi yake.

Wata Asabar da rana ina zaune da Inna a tsakar gida. Ta daɗe tana kallon inuwar bango, sannan ta taɓa gwiwata ta ce da ƙarfi, irin na wanda ba ya jin muryarsa, "An kira azahar?" An kira tun ɗazu, lasifikar masallacin tana bayan katangarmu. Ban gama gyaɗa mata kai ba auta ta shigo da sauri, fuskarta fal murna.

"Yaya, mai lamba bakwai tana da ciki."

Na tashi na shige ɗaki, wanda ya san ni kuma ya san wannan ba alheri ba ne.

Ran Litinin ta tafi kai jinin da ta tara makaranta. Ni kuma na biya kasuwar Bwari na sayi shinkafar ɓera, na kwaɓa da busasshen kifi, na bi bakin gonar duk inda na san tana ɗana tarko. Kwana biyu ina tsinta. Na kamo su ta wutsiya na jera a kan simintin ƙofar gida, masu 'yan kunne goma sha ɗaya. Mai lamba bakwai na sa a farko, don kada ta wahala wajen nema.

Ran Juma'a ta dawo da la'asar. Na tsaya na riƙe ƙugu, na shirya duk abin da zan faɗa. Ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta daɗe a kan ta farkon. Sannan ta ɗago.

"Da me kika ɗauke su?"

"Da hannun da Allah ya ba ni."

Ta kama wuyan hannuna ta juya. Akwai inda ƙayar kifi ta tsaga mini ɗan yatsa. Na ga fuskarta ta sauya, sai a lokacin na tuna abin da ke jininsu. Ta ja ni bakin randa ta wanke mini hannu da ruwan bilic har fatar ta yi fari, ta ƙone ɓerayen a rami, ta wanke simintin. Inna tana kallonmu tana tambaya me ya faru, aka ce mata shara ce.

Mako uku cutar ke iya yi kafin ta bayyana. Auta ta bar makaranta ta zauna. Kullum da safe da yamma ta sa mini ma'aunin zafi a hammata, ta duba, ta rubuta. Ta ware mini kwano da kofi. Ba ta zage ni ba, ba ta yi kuka a gabana ba, ko sau ɗaya ba ta ambaci aikinta ba. Da ta zage ni da na samu abin ramawa. Na yi ta neman faɗa, na ce shinkafarta ta caɓe, na ce tana kallona kamar ɓeranta. Sai ta ce, "Ɗaga hannu, Yaya."

Ban kamu ba. Malaminta ya ce aikin ya katse, sai dai ta sauya wani, ta koma kan cutar kaji. Kafin damina wasu ɓerayen suka cika bakin gonar, ba lamba, ba wanda ya san mai ɗauke da me. Har yau ina jin haushin masu katafila da wancan asibitin, kuma har yau in na ga ɓera sai na nemi muciya. Sai dai cikin waɗanda nake jin haushi yanzu har da ni.

Ranar da mako ukun ya cika ta duba ma'aunin ta ce na fita. Ta shiga zuba akwatunanta a buhu. Na tsaya a bakin ƙofa ina murza yatsan da ya warke. Ban iya ba da haƙuri ba, ban taɓa iyawa ba. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ki sake ɗana su. Ba zan taɓa ba."

Ta ɗaure bakin buhun ba ta dube ni ba.

"In kama wa, Yaya?"

Na riƙa mata buhun har bakin titi.