Kawu Mai Feshi da Ciyawar Gindin Katanga

Kawuna feshin ciyawa ne aikinsa tun ina goye. Da tanki a baya yake zaga harabar ma'aikatu, kuma a wurinsa duk abin da ba hannu ya shuka shi ba abokin gaba ne. Ko biki ya je, idonsa na gindin bango. Mukan tsokane shi cewa da gemunsa kore ne da tuni ya fesa shi.

Matarsa, wadda muke kira Iya, ta yi shanyewar ɓarin jiki. Likita ya ce ta riƙa takawa kullum, in ba haka ba ƙafar za ta sandare. Iya kuwa kafiya gare ta, lallashi da faɗa duk ba su fitar da ita daga ɗaki ba. Abin da ya fitar da ita wata ciyawa ce da ta tsiro a gindin katangar bayan gida, mai ƙaramin farin fure da rawaya a tsakiya. Ta taga ta hango ta. Kullum bayan Kawu ya fita aiki sai ta dafa bango, ta ja ƙafa har can, ta tsinko fure ɗaya ta jefa a kofin ruwa. Kawu na ganin furen a kofi, bai taɓa tambayar daga ina yake ba.

Wata ranar hutu ya leƙa bayan gida, kunya ta kama shi: gidan mai feshi da ciyawa! Ya ɗauko tanki ya yi abin da ya iya. Kafin mako ya zagayo wurin ya ƙone ƙurmus.

Iya sannu da aiki kawai ta yi masa. Amma ta daina fita. Wata maƙwabciya ce ta fayyace masa cewa furen ciyawar ne ke fitar da Iya, ranar kuwa Kawu ko abinci bai iya ci ba. Ya shiga bin gefen titi yana tsinko mata furen dami-dami, ita kuma tana godiya daga kan gado. A gaskiya na ji haushinsa, don wanda fure ke iske shi a gado me zai fitar da shi? Da ya gane, ya tono irin ciyawar da saiwarta daga gefen titi ya dasa a gindin katangar, amma ƙasar ta riga ta sha magani, duk dashen ya bushe. Ya sha ce min laifin nan ya tsaya masa a wuya.

Sai da damina ta zagayo ciyawar ta dawo don kanta. Lokacin ƙafar Iya ta riga ta sandare. Kawu ya ɗauke ta cak, ya kai ta bayan gida ya zaunar a kujera. Ta daɗe tana kallon furannin, sannan ta dube shi ba tare da wani fushi ba.

"Maigida, ga ciyawarka ta sake fitowa. In za ka fesa, ka bari sai na koma ɗaki."