Ranar da Aka Baje Zanen Mode

Mode mutumin Lahodu ne, amma a Wurno yake sana'a. Shi ke rubuta allunan shaguna. Mai walda, mai shayi, mai gyaran babur, duk sunan da ka gani da jan fenti a hanyar kasuwa, to hannunsa ne. Da wannan yake ciyar da iyali. Abin da ransa ke so kuwa shi ne zana tsofaffin gine-ginen ƙasa.

Tun yana sakandare ya koyi abin, wurin wani ɗan bautar ƙasa Kirista da aka turo musu daga Kudu. Mutumin yakan sassaƙa siffar tsofaffin coci-cocin garinsu a jikin katako, ya shafa tawada, ya danna a takarda. Mode ya ga haka ya ce ai su ma suna da abin zanawa. Da bai samu katako mai kyau ba sai ya koma sassaƙa robar tsofaffin silifa da aska. Shekara da shekaru yana hawan babur zuwa Gandi da Maikujera da ƙauyukan Goronyo, yana neman masallatan ƙasa da zauruka masu bakan gizo da rufin azara.

Wanda ya fi zanawa shi ne ƙaramin masallacin ƙauyen kakanninsa na wajen uwa. Ciki sanyi ƙalau ko da bazara, kuma har yanzu ana ganin sawun yatsun maginan farko a jikin yaɓen.

Wata rana Alhaji Yazid, ɗan kwangila kuma shugaban ƙungiyar ci gaban wannan ƙauye, ya tsaya a shagonsa ya dudduba takardun.

"Malam Mode, wanga aiki bai kamata shi zamna ɗaka ba," in ji shi. "Muna da taro. Ka kawo su mu baje, duniya ta gani."

Mode ya koma gida bakinsa har kunne. Matarsa Nuriyya ta dafa masa sitaci suka riƙa manna takardun a kwali. Tana mannawa ta ce, "Shi Alhajin mi a ribatai ga wanga abu?" Mode ya ce ta cika zargi.

Ranar taro ya riga kowa isa. Ya ɗaura igiya a bangon zauren taron, ya rataye zanen ɗaya bayan ɗaya. Baƙi suka shigo da manyan riguna suka zazzauna, kowa ya ba bango baya. Aka kawo shinkafa da nama.

Ana cikin ci Alhaji Yazid ya karɓi lasifika, ya ciro babban zanen masallacin daga igiya ya ɗaga sama.

"Jama'a, ku duba inda iyayenmu ka yin salla! Wanga masallaci ne ko rumbu? Mun gode ma Malam Mode da yat tona muna wanga abin kunya. In Allah ya so, bayan kaka za mu rushe shi mu yi na bulo, mu sa tayil."

Aka yi kabbara, aka shiga alkawarin gudummawa. Mode yana tsaye gefe. Yana kallo wani mai jar hula ya miƙa hannu ya fizgo zane guda, ya naɗe ragowar namansa a ciki ya cusa aljihu. Wani kuma ya shimfiɗa nasa ƙarƙashin faranti, man ja ya ratsa takardar ya cinye bakan gizon. Babu wanda ya tashi ya dubi ko ɗaya.

Da aka fara watsewa ya tare Alhaji Yazid a bakin ƙofa.

"Alhaji, don mi ba ka hwaɗa mini gaskiya ba?"

"Da na hwaɗa maka, da ka zo?"

"Akwai hili gehen masallacin. Ku gina sabo can, ku bar tsohon."

Alhaji ya sakace haƙori da tsinke, ya tofar kusa da takalmin Mode. "Ƙasa ce, Mode. Kai ka samu suna, mu mun samu masallaci. Mi a abin hushi?"

Mode ya tattara abin da ya rage, ya ɗaure a bayan babur. Da Nuriyya ta ga takardun da maiƙo, sai ta ware masu kyau ta ɗora bisa gado.

Mode ya je ƙauyen ya samu liman, Malam Abdulƙadir, ya roƙe shi kada a rushe masallacin. Tsohon ya ce shi ma ba ya so, amma rufin yana yoyo, samari kuma sun daina fitowa yaɓe, daga gonar albasa sai ci-rani. Mode ya ce shi zai zo ya yi yaɓen da hannunsa. Liman ya yi masa addu'a, ya ce magana ta riga ta fi ƙarfinsu.

Bayan kaka aka rushe. Azarar da ta daɗe tana riƙe da rufin, wani mai gidan burodi ya kwashe ta ya hura tanda. Sabon ginin ya tsaya da koren kwano, yana da kyau daga nesa, sai dai in rana ta take mutane a gindin darbejiya suke yin azahar.

Alhaji Yazid ya aiko Mode ya zo ya rubuta allon sunayen waɗanda suka ba da gudummawa. Mode ya ce wa ɗan aiken akwai wani mai fenti a Rabah, su je can.

Har yau yana zane. Ya dai daina rubuta sunan ƙauye a ƙasan takarda, kuma in baƙo mai mota ya tambaye shi inda ginin yake, sai ya ce ya manta.