Karcen Farcen Kwaku Obuobi

A shekarar 1957 na fara sanin Kwaku Obuobi, watan da aka mayar da ni Abetifi koyarwa a makarantar mishan. Shi kaɗai ne mai ɗaukar hoto a garin. Akwatin hotonsa na katako ne mai ƙafa uku, fim ɗinsa kuwa falle-falle ne, kowanne ya kai girman littafin addu'a. A gida yake wankewa, a ɗakin da matarsa Maame Ataa take ajiye gwaza, bayan ya toshe kowace kafa da tsumma.

Ko tafin hannunsa ba ya gani a ciki. Falle shida yake zubawa cikin tasar magani a lokaci guda, yana zaro na ƙasa yana ɗorawa sama, da yatsu kawai. Agogo ba ya ganuwa a duhu, saboda haka waƙar coci yake rerawa, in ya yi baiti biyar ya kwashe. Na sha gaya masa wannan ganganci ne.

"Ticha, kai dai ka tsaya ga allinka," in ji shi. "Yatsun nan sun fi agogonka hankali."

Mahaifina, Agya Danso, ya yi shekara talatin da ɗaya yana wa'azi a ƙauyuka, bai taɓa yarda a ɗauke shi hoto ba. Sai a watan Fabrairu na 1961, da ciwo ya ci ƙarfinsa, ya ce to. Muka yafa masa kente, zanenmu na gargajiya, muka zaunar da shi a ƙofar coci. Falle ɗaya ya rage wa Kwaku, sauran biyar ya ƙarar a wani biki. Ya ɗauka, ya ce in zo ranar Asabar.

Na je, ya ce takardar hoto ta ƙare. Na koma, ya ce ruwa bai yi sanyi ba. Sau tara na taka gidan nan, na ƙirga. Ranar sha huɗu ga Maris mahaifina ya rasu.

Na je na goma, ina so a kafa hoton wurin makoki. Kwaku ya fara wata sabuwar kwana-kwana, sai Maame Ataa ta jingine taɓaryar sakwara.

"Kwaku, gaya masa mana! Ka ƙwace mini ɗaki, ka lalata mini tasoshi, yanzu kuma ƙarya za ka koya da furfurarka?"

Ya shiga, ya fito da fim ɗin, ya ɗaga shi sama. Ga mahaifina zaune, amma karce ya ratsa daga idon hagu har haɓa. Zafin ranar ya ɗumama maganin, fim ya yi laushi, farcensa ya bi ta kai a duhu.

"Tun yaushe?" na tambaya.

"Tun ranar."

"Kana sane, tsohon yana raye mako uku, ba ka ce a sake zaunar da shi ba?"

"Na ɗauka zan iya gyarawa, Ticha. Kunya ce."

"Kunyarka zan kafa a gaban gawa?"

Aka yi makoki babu hoto, dangi daga Nkawkaw suna ta tambayata. Na daina gaishe shi. Abin da ya ƙara tunzura ni, kowace Lahadi a coci sai ya zauna a bencin da ke gefena ya zura mini ido har a tashi, ko littafin waƙa ba ya dubawa.

Bayan wata goma sha ɗaya na dawo daga makaranta, matata ta miƙo mini wani abu a naɗe cikin tsohuwar jarida. Ta ce Kwaku ne ya ajiye, ko zama bai yi ba.

Hoton mahaifina ne, fuskarsa a cike. Daga baya Maame Ataa ta gaya wa matata cewa da fensir mai tsinin allura ya cike karcen, ɗigo-ɗigo, in bai yi ba ya goge ya sake. Na kai hoton bakin taga na duba da gilashina. Haɓar ta mahaifina ce, kuncin ma nasa ne. Idon hagu kuwa nawa ne, har da ɗan saukar fatarsa. Ashe shi yake kallo a coci.

Kwaku ya ƙara shekara goma sha takwas a duniya. Mun koma gaisawa, amma bai taɓa tayar da maganar ba, ni ma haka.