Honnappa da Ƙofar Ƙaguwa

Duk wanda ya tashi a Bettakodi ya san Honnappa Harikantra da abu ɗaya, wato gudu. Garinmu na masunta ne, a matse tsakanin teku da dutse, kuma kafin a fasa mana titi kifi ba ya isa kasuwar tudu sai a kafaɗar mutum. Da jirage sun taɓa yashi, samari za su rataya kwando biyu a sandar gora su kama hawan dutse da sassarfa, don kifin da ya sha rana ba shi da mai saye. A cikinsu Honnappa ne ba a taɓa wucewa ba. Shekara goma sha tara ya yi yana wannan aiki, ba takalmi, ba tsayawa shan ruwa, kuma har ya tsufa bai bari kowa ya manta ba. In ka yi kuskuren zama kusa da shi a shagon shayi, to sai ka ji labarin ko kana so ko ba ka so.

Da titi ya zo, motoci masu ƙanƙara suka ƙwace sana'ar. Gwiwarsa ta dama ta kumbura ta ƙi sacewa, ya koma gyaran taru a gindin kwakwa, matarsa Somi na sayar da busasshen kifi. Ya zama mutum mai saurin fushi, irin wanda yake jin an gama da shi tun yana da sauran ƙarfi.

Ana haka mutanen birni suka gano tsohuwar hanyar kifi. Wani matashi daga Bengaluru mai suna Prajwal ya zo da shawarar shirya tsere duk shekara bayan damina, aka nuna masa Honnappa a matsayin wanda ya san kowane dutse da sunansa. Aikinsa ya zama sare ciyawa da ɗaura jajayen ƙyallaye a rassan kashu don masu gudu su bi. Ranar da aka fara ba shi damin ƙyallayen nan, tafiyarsa ma ta sake. Shekara uku ana tashi daga yashin garinmu, a hau dutse, a ratsa faƙon sama, a gangara Ƙaramar Gaɓa, sannan a juyo ta inda aka zo, ba wanda ya ko ɓata.

A shekara ta huɗu Prajwal ya ga Ƙofar Ƙaguwa. Wata siririyar hanya ce a gindin dutse, tsakanin Ƙaramar Gaɓa da yashin garinmu, bangon dutse a hannu ɗaya, teku a ɗaya. Idan ruwa ya janye, ko akuya na bi. Idan ya cika, sai dai ƙaguwa, shi ya sa aka sa mata sunan. Prajwal ya ce kyawunta ya isa a rufe tseren da ita, ya tambayi Honnappa ko tana buɗe da safe.

Honnappa ya ɗaga kai ya yi lissafinsa irin na masunta. Ranar tseren kwana ɗaya ce bayan tsayuwar wata, lokacin da teku ke cika har ta yi ambaliya, ƙofar za ta rufe wajen tara da rabi. Za a tashi ƙarfe bakwai. Shi a zamaninsa, da kwando biyu a kafaɗa, awa ɗaya da rabi ke kai shi ya dawo da shi, rago kuwa a ba shi awa biyu. Ya ce wa Prajwal ga mai gudu ƙofar a buɗe take har da ragowa. Bai faɗi ƙarfe nawa take rufewa ba, bai kuma tambayi awa nawa na baya ke yi ba, don shekara ukun nan da ya gama ɗaurin ƙyalle sai ya tsaya wurin isowa ya ga na farko ya tafi gida. A wurinsa mai gudu shi ne wanda ba ya tsayawa.

Somi ce ta tanka da yamma, tana zuba masa kunun shinkafa.

"Kai mutumin nan, waɗannan fa ba 'yan kifi ba ne. Bara da idona na ga wata ta tsaya tana ɗaukar hoton saniya. Wani kuma zama ya yi yana cin ayaba."

"Ke me kika sani game da gudu? Iyakar gudunki daga murhu zuwa rijiya."

"To, sarkin gudu. Ni dai na faɗa."

Maganar ta tsaya masa a rai, amma girman kai ya hana shi komawa wurin yaron birni ya ce ya yi kuskure. Washegari ya ɗaura ƙyallayensa tiryan-tiryan har cikin ƙofar.

Ranar tsere mutum ɗari biyu suka tashi. Na farko ya fito daga Ƙofar Ƙaguwa kafin takwas da rabi, Honnappa ya dubi Somi da ke sayar da ruwan kwakwa a gefe, ya yi mata murmushin na-gaya-miki. Wannan karon bai tafi gida ba, yana son ta ga ƙarshen abin. Ƙarfe tara ta yi, ya ƙirga waɗanda suka iso, ba su kai rabi ba. Ya matsa wurin Prajwal ya tambaye shi ina sauran. Prajwal ya yi dariya ya ce ai na baya sai sha ɗaya, wasu ma har azahar.

Honnappa ya juya ya dubi teku. Farin kumfa ya riga ya fara lasar duwatsun bakin ƙofar. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba, kuma ya san ba laifin kowa ba ne sai nasa. Ya gaya wa Prajwal a gurguje cewa ƙofar za ta rufe cikin rabin awa, a kira masu jirage. Waya ba ta shiga Ƙaramar Gaɓa, don haka ba yadda za a tsayar da masu tahowa sai mutum ya je da ƙafarsa. Ya naɗe zanensa sama da gwiwa ya faɗa ƙofar da gudu, gudun da rabonsa da shi shekara ashirin.

Ruwa na idon sawu da ya shiga. Yana cin karo da masu fitowa, yana daka musu tsawa su yi sauri. A tsakiya ruwan ya kai gwiwa, nan ya tarar da wata mata mai furfura da gilashi, ta rungume dutse, takalminta ɗaya ya tafi. Daga baya muka ji sunanta Vasudha, malamar makaranta ce, wannan ne tserenta na farko tana da shekara hamsin da biyar. In ya tsaya ya fitar da ita, mutum sittin ko fiye za su kwararo cikin ƙofar. Ya tallafe ta ya ɗora a kan wani faffaɗan dutse da masunta ke fakewa, wanda ruwa ba ya rufewa.

"Baiwar Allah, ki zauna nan. Ko me kika gani kada ki sauko."

Ya wuce, gwiwarsa na masa kamar ana soka ƙusa. Ya isa ɗaya bakin da ruwa a ƙugu, ya tsinke ƙyallayen da ya ɗaura da hannunsa, ya buɗe hannuwa ya tare hanya. Masu gudu suka taru, a gajiye, ga wurin isowa suna hangowa, ga wani tsoho a jiƙe yana cewa su koma ta dutse. Sun zage shi, wani har ya ture shi, bai gusa ba. Sai da wata igiyar ruwa ta daki bangon dutsen ta fantsamo musu ruwa a fuska sannan suka juya.

Vasudha ba ta zauna ba. Igiyar ruwa na tashi sama da kanta, ita kuma ba ta san dutsen ba ya nutsewa, don ba a bakin teku ta girma ba. Ta sauko tana neman fita, ruwa ya ɗauke ta ya maka da dutse. Masu jirage sun tsamo ta da rai, amma ƙugunta ya karye.

Da la'asar gari ya ɗauka Honnappa ya ceci mutum sittin. Prajwal, wanda ya zaci teku ce ta yi abin da ba a saba gani ba, ya zo har gida zai rataya masa lambar yabo. Somi na gefe tana shafa masa man kwakwa a gwiwa. Ya ture lambar ya faɗa wa Prajwal gaskiya duka, cewa ya san lokacin da ƙofar ke rufewa tun ranar da aka tambaye shi.

Bayan kwana uku suka hau motar kasuwa shi da Somi zuwa asibitin gari. Vasudha na kwance, an ce mata tafiya ma sai da sanda. Ya tsaya daga ƙafar gado ya maimaita abin da ya gaya wa Prajwal, bai rage komai ba. Ta dube shi.

"Baba, da wa ka auna hanyar?"

"Da kaina."

"Kana shekara nawa a lokacin?"

"Ashirin."

Ta cire gilashinta ta juya fuska bango. Somi ta ajiye kwakwar da suka kawo suka fita.

An cire Ƙofar Ƙaguwa daga tseren, wani ne kuma ke ɗaura ƙyalle yanzu. Honnappa ya roƙi abu ɗaya aka ba shi: duk shekara shi ke tashi bayan kowa, da sandarsa, yana bin sawun wanda ya fi kowa nawa. In mutumin ya tsaya ɗaukar hoto, ya tsaya ya jira. Bara ƙarfe ɗaya saura suka iso, an riga an kwashe kujeru, Somi kaɗai ce a wurin da kwakwa biyu. A shagon shayi kuwa, tun daga ranar nan ba wanda ya sake jin labarin kwando biyu daga bakinsa.