Mai Tsaye a Ɗakin Kakata

Ina 'yar shekara goma kakata, mahaifiyar babana, ta kwanta ciwon ajali. Gidanmu yana cikin birnin Sakkwato, unguwar dukawa, dab da ganuwa. Ɗakinta ba taga, ga damina ta yi nisa, ko da rana tsaka sai an kunna fitilar man kaɗe. Ni aka sa jinyarta.

Wata rana da azahar na ajiye fitilar a ƙasa, kusa da ƙofa, ina yi wa kakata fifita. Sai ta kama hannuna.

"Wane na wanga da ka tsaye bisa kaina?"

Na ɗaga ido. A jikin bango ga wani baƙin mutum, mai tumbi, dogon wuya, kansa ya kai rufin ɗaki har ya ranƙwafo kanta. Ba ya da hannuwa. Harshen fitila na kaɗawa, shi kuma yana gyaɗa kai a hankali. Na kasa ihu, na kasa tashi.

Kwana uku, da na kunna fitila sai ya bayyana. Matan gida suka daina shiga, sai dai su miƙo kunu daga bakin ƙofa suna salati.

Babana ya dawo daga fatauci a rana ta huɗu, jikka bisa kafaɗa. Ya shiga ya gaishe ta, ya daɗe yana duban bango. Sannan ya sunkuya ya ɗauki fitilar ya ja da baya. Mutumin ya fara ƙanƙancewa. Babana ya ɗaga ta sama, sai ga mutumin ya zube ƙasa, ya koma ɗan dunƙule a gindin gorar alwalar kakata.

"Kin gani, ɗiyata? Gora ta. Ke kika aje wuta kusa da ita."

Na yi ajiyar zuciya, har na soma dariya. Kakata ba ta yi ba.

"Maishe ta inda take," in ji ta.

"Inna, inuwa ta."

"Na ji. Kwana ukku shina jirana, bai matsa mani ba. Maishe ta."

Babana ya mayar da fitilar da hannunsa. Mutumin ya miƙe a bango, ya ranƙwafo kamar dā.

Daga nan kullum kakata takan yi masa ina kwana. Wani lokaci ta karkata kunne, ta ce, "To." Ni ina zaune, na san gora ce sarai, amma ban taɓa yarda na gitta tsakaninsu ba.

Kakata ta cika ranar Alhamis da hantsi, ana yayyafi. Gwaggona ta rufe mata ido, ta juyo ta ce in hure fitilar. Na durƙusa, na cika baki da iska, na kasa. Sai da ta ture ni ta hure da kanta, muka lalubi ƙofa muka fito.