Dutsen Kitson da Ya Fitar da Ni Daga Gidanmu

A lokacin ni saurayi ne, malamin firamare, ina zaune a ɗakin zaure na gidanmu a Kwarbai. Yayana da iyalinsa suna cikin gida. 'Yarsa ta fari, wadda ba ta shiga makaranta ba tukuna, ta shaƙu da ni ƙwarai. Da na dawo daga aiki za ta rugo tana kiran Baffa, ta zauna kusa da ni ina duba littattafan ɗalibai.

Sai yarinyar ta fara kuka duk lokacin da za ta yi fitsari. Aka ce sanyi ne, aka sayo magani a kemis, aka haɗa da jiƙe-jiƙe. Ta ji sauƙi, ciwon ya dawo. Ranar da uwarta ta ga jini a wandonta, gidan ya sauya mini. Babu wanda ya ce da ni komai. Kawai dai aka daina barinta ta zo zaure, idan na shiga gaishe da mahaifiyarmu mata su yi tsit, Yaya kuma ya daina kirana cin tuwo. Wata ƙanwarmu ce ta faɗa mini tana hawaye cewa ana zargin wani ya taɓa yarinyar, kuma ni ne namijin da ta fi zama wurinsa. Na rasa yadda mutum zai kare kansa daga maganar da ba a faɗa masa ba. Na rame, a aji ma sai in tsaya da alli a hannu na manta abin da nake koyarwa.

Duk wannan, ba a kai yarinyar asibiti ba, wai kada magana ta fita unguwa. Da zazzaɓi ya kwantar da ita, na tare Yaya a ƙofar masallaci na ce masa ko me yake tunani a kaina, ya kai 'yarsa wurin likita, in an ga laifina a miƙa ni ga hukuma. Bai dube ni ba, amma washegari suka tafi.

Likita ta duba ta, ta yi wa iyayen tambayoyi, aka ɗauki hoton mara. Sai ga ɗan dutsen ado, irin wanda ake sa wa yara a kitso, a cikin mafitsara. Da aka lallashe ta, yarinyar ta ce ita ta tura shi ta gabanta tana wasa, tsoron duka ya hana ta faɗa. Aka sa ta barci, aka zura siririn bututu mai kyamara aka ciro shi, ba tare da yanka ba. Likitar ta ce da an ƙara jinkiri, ciwon zai iya hawa ƙoda.

Yaya ya zo zaure ya ce in yi haƙuri. Na ce babu komai. Amma na kasa ci gaba da zama, na kama haya a Ƙofar Jatau. Yarinyar ta warke, yanzu tana sakandare, ba ta san abin da ya faru ba. Har yau in ta gaishe ni, daga nesa nake amsawa.

Ban ga laifin iyayen da suka tsorata ba, tsoron yana da dalili. Amma idan yaro yana kukan fitsari ko kun ga jini, ku kai shi asibiti tun ranar, ku tambaye shi ba da bulala ba. Dutsen ya fita cikin sauƙi. Zargin ne na gaji da ɗauka.